Bazarar da Gonar Taubashina Ta Yi Ƙaura

Gawon da ke gabashin gonarmu ya girmi ubana. Ba wanda ya dasa shi, don a ƙasarmu ba a dasa gawo, barinsa ake yi. Kakanmu ne ya iske shi yana ɗan tsiro lokacin da ya sari dajin, ya ɗauke gatari ya wuce. Duk shekarun da na yi ina bin duniya, Tamanrasset, Sabha, Abijan, Kwatano, in na zo ganin gida, mota ta baro Tasawa ta miƙo hanyar Maijirgi, shi nake fara hangowa kafin rufin kowane ɗaki na ƙauyenmu.

Na ga itatuwa iri-iri, amma ban ga mai halin gawo ba. Da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi zubar da ganyensa yake, ya bar rana ta sauka kan gero. Da rani kuwa, in ƙasa ta bushe ƙamas, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Geron da ke fitowa ƙarƙashin namu, zangarniyarsa ta kai damtsen ƙato. Yayata, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta ta riƙe gonar ina can, takan ce rabin rumbunmu ƙarƙashin icce ɗaya yake fitowa. Da ƙari a maganar, amma ba mai yawa ba.

Bayan na ajiye yawo, ni da matata muka dawo gida gaba ɗaya, sai cikin wani rani aka yi mana rasuwa a wajen Mayahi, na tafi gaisuwa na yi 'yan kwanaki. Da na dawo, tun ina bayan mai moto, wato babur, na ga sararin sama ya yi yawa a gabas. Na ce ya tsaya, na taka har gonar. Gawon na nan tsaye, amma ba reshe ko ɗaya, an sare har ƙoƙuwa. Gindin kuma an ɓare ɓawonsa zagaye, ya yi fari kamar ƙafar da aka feɗe. Ƙasa duk sawun amalanke, sawun kuwa bai ɓoye kansa ba. Ya ƙetare iyaka, ya ratsa gonar gabas, ya shiga gari har ƙofar gidan ɗan gwaggona.

Uwarsa ƙanwar ubana ce. Gonar gabas ɗin tasa ce, gadonta ce, daga jikin tamu aka yanke ta, jerin gamba kawai ya raba mu. Taubashina ne ke nan. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, a al'ada ni ne ubangiji shi bawa, kuma tun muna yara da haka muke kiran juna. Taubashi ya zage ka a kasuwa, dariya za ka yi. Ya cire maka hula gaban surukanka, dariya. Ya shiga gidanka ya kama zakara, sai dai ka ce a bi shi da gishiri. Na zauna da Buzaye, na zauna da Zabarmawa, na zauna da Jula a Abijan, kowa da irin nasa wasan, kuma na sha yabon namu a gabansu, ina cewa shi ya hana dangi faɗa. Ranar nan na gane wasa ma bargo ne, mugu na iya lulluɓa da shi.

Na iske shi a turke. Ragunan da yake kiwo don Layya suna cin ganyen gawona, ɓawon kuma yana jiƙe cikin rabin tano, wato ganga, wai maganin ciki ne a gare su.

"Ubangijina ya sauka!" in ji shi. "Sannu da hanya. Zo ka gaida baƙinka, tun da ka tahi suke ci cikin akushinka."

"Kai ka sare gawon?"

"Aski na yi mashi. Tsoho ya tara suma kamar mahaukaci, kai kana can kana koyon Larabci."

"Ka ɓare gindinshi. Ka san ba ya tashi."

"To mi? Bawa ba ya sata gidan ubangijinshi, ɗauka yake. Ko hushi za ka yi, Alhaji? Jama'a ku zo ku gani, ɗan namiji zai yi hushi da ɗan mace!"

Akwai mutane zaune a ƙofar gida, suka kwashe da dariya. Ni ma na buɗe haƙora. An taɓa ƙwace mani kaya kaf a hanyar Sabha, na yi wa masu ƙwacen murmushi don in tsira da raina, amma wannan murmushin bai kai na ranar nan ɗaci ba.

A gida na ce gobe zan tafi wurin ma'aikatan gandun daji, tunda saran gawo laifi ne a hukumance. Yayata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka kai ɗan gwaggo ƙara? To ka fara gina mani kabari, don ba ni ƙara fita rijiya. A ce gidanmu aka fara kai taubashi gaban hukuma?"

"Yaya, abincinmu ya sare."

"Na fi ka sani, ni ke auna tsaba. Amma abin da aka yi maka da wasa, da wasa ake rama shi. In ba ka iya ba, ka bar wa Allah."

Na bar wa Allah rabi, na riƙe rabi.

Gawon bai tashi ba. Daminar farko ba mu ji sosai ba, ƙasa na cin tsohon taki. Ta biyu ce ta nuna mana. Ba inuwa, dabbobi sun daina taruwa, ba ganyen da ke zuba, iska kuma ta samu hanya, ta yi ta kwashe rairayin wurin har ta kai ga jar ƙasa mai tauri, wadda muke kira fako. In ruwa ya sauka kan fako, gudu yake kamar an zuba shi kan kwano. Inda muke ɗaure dammuna har mu gaji, sai ga gero tsilli-tsilli, bai kai gwiwa ba. Rumbu ya ƙare tun hatsi bai yi ciki ba. Yayata ta mai da tuwon dare kunu, matata ta ja akuyarta mai ciki zuwa kasuwar Urafan ta dawo da masara. Shi kuwa taubashina ya sayar da ragunansa ya sayi moto. Ba ya wuce ƙofar gidana sai ya danna oda.

Ban faɗa wa kowa ba, amma a wannan lokacin ba irin ramuwar da ban auna ba. Na yi tunanin kwance masa sabbin ragunan da ya ɗaure su shiga gonar mai gari. Na yi tunanin zuba masa rairayi a tankin moto. Duk ƙanana ne, irin na yara, kuma duk za a ce fushi ne. Ni abin da nake so, ya rasa irin abin da na rasa, daga ƙasa, a gaban kowa, kuma ya zama ba shi da bakin kai ƙara.

Farkon bazarar da ta biyo, ina zaune da yamma a gindin mataccen kututturen, sai 'yar iska ta taso daga gabas. Na ga rairayi yana rarrafowa bisa ƙasa, ya ratsa ta tsakanin gamba, ya bi kan fakon ya wuce bai tsaya ba. Sai a wuri ɗaya, inda wasu 'yan kara suka faɗo daga amalanken wani. Nan ya taru, ya yi ɗan tudu kamar kabarin kaza.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Uwata ma takan jefa kara kan fako ta ce a bar wa gara da iska. A Aljeriya kuma, cikin garuruwan dabino, na ga Larabawa na kafa shingen ganyen dabino a bakin gonakinsu don ya tare rairayi. Su a wurinsu rairayi maƙiyi ne, tsare shi suke a waje kamar kura. Mu a nan shi ne naman gona. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba sai ranar nan shi ne, rairayin da karan ke kamawa, na wane ne? Iskar hadari a ƙasarmu daga gabas take zuwa. Na ɗaga kai na dubi gabas.

Taubashina mutum ne mai son a ce gonarsa ta fi ta kowa tsabta. Da an gama girbi yake sayar wa masu kiwo karansa. In bazara ta kama, ya tone tushiya ɗaya bayan ɗaya, ya sassabe sabara da kalgo har ƙasa, ya bi da manjagara, ya tara ya cinna wuta. Mutane da yawa yanzu suna barin tsiron itatuwa a gona suna yi masu gyara, shi ya ce wannan ragwancin 'yan furoje ne, masu ayyukan raya karkara. Bayan shara sai ya yi ta jigilar takin ragunansa, busasshe, ya watsa shi bisa ƙasa inda duk mai wucewa zai gani ya yaba. Gona fes, taki a sama, ba abin da ya danne ta.

A shekarar nan ban taɓa karan gonata ba sai don wannan aiki. Kwanakina suka zama iri ɗaya. In na dawo sallar asuba in sha kunu, in ɗaura wa jaki amalanke, in kwashi kara daga tarin da ke bayan gida in nufi gona tun ƙasa ba ta fara ƙuna ba. Ina shimfiɗa shi layi-layi, daga arewa zuwa kudu, yadda zai gitta wa iska. Kowane layi in danne shi da rassan sabara, in turbuɗe gindinsu da fartanya. Zafin bazararmu ba irin na Sahara ba ne. Can rana ta gasa ka, dare ya ba ka haƙuri. Nan kuwa ba haƙuri, gumi yake tsiyaya ya shiga ido, ƙarfen fartanya ba ya taɓuwa da hantsi. In rana ta take in dawo in ja wa dabbobi ruwa, in sha fura, in kwanta ƙarƙashin rumbu kamar kare har la'asar, in koma.

Matata ba ta ji daɗin abin ba, kuma tana da gaskiya. Karan nan shi ne abincin awakinta, shi ne makamashinta.

"Malam, awaki na kuka, kai kana ciyar da ƙasa. Ƙasa ta ce maka tana jin yunwa?"

"Ta ce."

"To ni ba ta gaya mani ba. In suka mutu kai za ka ba ni nono."

Na ci gaba da lodi.

Karana bai isa ba, fakon ya yi faɗi. Sai wata safiya na kora jaki na ƙetare gamba, na tsaya gaban tarin tushiyar da taubashina ya haɗa zai ƙona.

"Bawa, wanga tari na ɗauka."

Ya dogara da manjagara ya dube ni. "Shara? Shara za ka ɗauka?"

"Ita."

"Wayyo duniya! Ubangiji na kwasar sharar bawa. Ɗauki, Alhaji, ɗauki duka. Abin da ka koyo ke nan a Abijan, aikin bola?"

Da hannunsa ya taya ni lodi, yana dariya har yana tari. Da muka gama na dubi gonar tasa na taɓe baki.

"Amma dai bana ka tsufa. Dubi can gefen aduwa, duk ciyawa. Da can gonarka ake nuna wa yara, yanzu ko bakin kasuwa ya fi ta shara."

"Ina? Ina ciyawar?"

"Bari dai, ido ya fara tahiya. Ba laifinka ba ne."

Kafin in kai iyaka ya koma can da manjagara. Haka muka yi ta yi. Kullum in samo masa inda bai sharu ba, kullum ya share, ni kuma in kwashe tarin in jera a gonata. Bai bar ko tsinken da tsuntsu zai yi sheƙa da shi ba.

A majalisar shayi na zama abin hira. Wani ya ce Alhaji na shimfiɗa wa aljanu tabarma. Wani ya ce macizai nake kiwo. Taubashina ya ce a yi mani uzuri, wanda ya sha ruwan ƙasa bakwai dole kansa ya gauraye. Na sha shayina, na taya su dariya, kuma a karon nan dariyar ba ta yi mani wuya ba.

Yayata ce kaɗai ta gane. Wata yamma ta kawo mani ruwa gona, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya ta dubi layukan, ta dubi yadda suka gitta, ta juya ta daɗe tana kallon gonar gabas da ke kwance tsirara da takinta a sama.

"Allah ya shirye ka," in ji ta.

Washegari na iske tsohuwar zanar bayan ɗakinta a naɗe cikin amalanke. Na kafa zanar a bakin fakon, inda iska ta fi ƙarfi.

Shamuwa ta iso ta sauka kan kukar masallaci. Gabas ta fara yin duhu da yamma tana washewa. Masu gaggawa suka fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. Wanda ya dace yakan riga kowa cin sabon gero. Na tare taubashina a bakin rijiya.

"Bana ba ka binne? Ko ka bar wa samari?"

"Ni? Kai dai da ba ka da inda za ka sa sungumi, gona duk bola. Gobe war haka na gama."

Ya kuwa gama, da irinsa mai kyau da ya ɓoye tun kaka. Ni na bar nawa a rumbu.

Daga nan sai tsoro ya kama ni. Duk aikin nan a kan abu ɗaya ya rataya: iska ta riga ruwa. In ruwan farko ya zo a hankali, ba iska, ƙasarsa za ta jiƙe ta kwanta, takinsa ya nutse, binnensa ya tsiro, ni kuwa in tashi da fako lulluɓe da kara, awaki ramammu, da sunan mahaukaci. Wata rana hadari ya haɗu ya bi ta kudu, muka ji an yi ruwa mai laushi a wajen Tasawa, ko ganye bai motsa ba. Abinci bai shiga cikina ba ranar. Da aka fita roƙon ruwa bayan gari, na ɗaga hannu tare da kowa, na ce amin tare da kowa. A cikin zuciyata na ƙara da cewa, ya Rabbi, iska tukuna.

Ta zo da la'asar. Ina gona ina gyara wani layi da awakin gari suka tone, sai na ji duniya ta yi tsit, tsuntsaye sun daina kuka. Na duba gabas, ga jan bango ya tashi daga ƙasa har sama, yana tafiya. Masu aiki a gonakin kusa suka yar da kaya suka ruga gida. Ni na naɗe fuska da rawani, na tsuguna bayan kututturen gawon, na bar ido ɗaya.

Na sha iska a hamada, wadda ke binne mota. Can addu'a kake ta wuce. Wannan kuwa ban so ta ƙare ba. Ƙasar taubashina ta tashi gaba ɗaya kamar an ɗaga tabarma ana kakkaɓewa. Rairayi na bugun karan da ƙara irin ta shiƙar hatsi. Kashin ragunan nan, busasshe, mulmulalle, yana gangarowa bisa ƙasa kamar carbin da zarensa ya tsinke, ya tsallake gamba, ya ci karo da layin farko ya tsaya. Wanda ya tsallake na farko, na biyu ya kama shi. Rairayi ya bi ya rufe. Ina tsugune, ƙasa cike da bakina, ina cewa, taho, taho, akwai wuri.

Ba a yi ruwa ba ranar, sai ɗigo kaɗan da bai kashe ƙura ba. Bayan 'yan kwanaki ta sake zuwa, ta fi ta farko. Sannan aka yi ruwan shuka, mai yawa, har kwata ta gudana a gari.

Da gari ya waye muka fita mu uku, ni da sungumi, yayata da matata da ƙoren iri. Matata ce ta fara tsayawa. Ba kara ko ɗaya a fili, duk sun nutse. A madadinsu kunya-kunya ce ta rairayi mai laushi, baƙi-baƙi da taki, ta sha ruwa ta ƙoshi. Fakon ya ɓace. Na sara sungumi ya shige kamar cikin tuwo. Matata ta duƙa ta damƙi ƙasar, ta murza, ta ga abin da ke ciki, ta dubi gabas, ta dube ni.

"Malam, ashe kai mugu ne haka?"

"Zuba iri, rana na yi."

Ƙetaren gamba kuwa, gonar da ta fi ta kowa tsabta ta ƙara tsabta. Wurare da yawa an kankare ta har jar ƙasa, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Ramukan binne sun tone, kurciyoyi da zabi sun yi kalaci da irin. Muna cikin shuka, ina sara suna zubawa suna takewa da diddige, sai ga shi ya taho yana tafiya a hankali kamar mai neman abin da ya yar. Ya tsaya bakin iyaka. Ya sa ƙafa ya tone kunyar farko.

"Alhaji."

"Na'am, bawa. An tashi lafiya? Ya ruwa?"

"Takina ne wanga."

"Wane taki?"

"Na ragunana. Rani guda ina jigila. Da ƙasata duka, ga ta nan, na san kalarta."

"To kira ta. In ta amsa, ku tahi tare."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ban gayyace ta ba. Baƙuwa ce ta zo mani da la'asar, ko takalmi babu, ta ce inda ta fito an tuɓe ta tsirara, ba ko tsinken da za ta kama. Ka san gidanmu ba a korar baƙo."

Masu shuka a gonakin kusa sun riga sun matso. Wani dattijo ya tambaya da wace shara aka kama ta, aka ce da sharar gonarsa, shi ya yi lodi da hannunsa. Dariya ta tashi har ta kai gonakin da ba su ji farkon zancen ba. Taubashina ya dubi mutane. Na ga haƙoransa sun fito, na kuma san irin ɗanɗanon da ke bakinsa.

Yayata ta matso da ƙwaryarta. "Ɗan gwaggo, in ka gama gaisuwa ka matsa, kana bisa layi."

Ya sake shuka da irin da ya samo a kasuwa. Amma farkon damina iska ba ta gama ba, kowane hadari da tata yake zuwa. Gerona ya fito a bayan kunyoyi, suna kare shi. Nasa ya fito a fili, rairayi mai gudu ya bi ta kansa ya ƙone shi kamar an zuba ruwan zafi. Sai ga mutumin da ke ƙona tushiya yana yawo gida-gida yana neman kara. A wannan lokaci na shekara kuwa kara ya fi nama wuya, dabbobi sun cinye, murhu ya cinye. Daga ƙarshe ya zo gidana, don ya san akwai ɗan saura a bayan ɗaki.

"Ubangijina," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "a taimaki bawa da dami biyu."

"Ai ba nawa ba ne, na awaki ne. Tambayi mai awaki."

Matata na daka, ba ta tsaya ba. "Awakina sun yi azumi tun rani saboda wasanku. Yanzu suka fara buɗa baki. Ka gaida mutan gidan."

Abin da gonar ta bayar da kaka wani zance ne, ya isa in ce ba mu sake cin masarar kasuwa ba. Ranar da na fi riƙewa ita ce washegarin zuwansa. Na fito da safe zan tafi gona, sai na ga mutane tsaye a layin gidansa suna kallo. Taubashina ne ke kwance darnin gidansa. Shingen kara ne mai tsayi, sabo, wanda yake taƙama da shi, ya zagaye gidan duka. Yana yanke igiya, yana ɗaure karan dami-dami, yana jerawa a amalanke zai kai gona. Rabin gidan ya riga ya buɗe. Ga turke, ga moto a jingine, ga tukunyar miya, ga wandonsa a kan igiya. Matarsa na ta fama da zane tana ratayawa don ta kare madafa.

Na tsaya daidai inda shingen yake da, na gyara murya.

"Salamu alaikum. Bawa, ta ina ake shiga? Na ga ƙofofin sun yi yawa."

Bai juyo ba. Matarsa ce ta amsa daga bayan zane.

"Shigo ta inda ka ga dama, Alhaji. Kajin maƙwabta ma tun asuba haka suke yi."

Na ce a ba ni tabarma, aka ba ni. Na shimfiɗa ta a tsakar gidan da ya zama titi, na jingine fartanyata, na ce ko akwai sauran kunu. Gonata na jirana, ga ciyawa ta fara kai, amma na ce ta jira. Na zauna ina gaisawa da masu wucewa ta kowace kusurwa, har ya kwance turken ƙarshe, ya ɗaure damin ƙarshe. Damin ya yi masa nauyi, sau biyu yana ɗagawa yana saukewa. Ya dube ni. Na kurɓi kununa.